Tun da mota ta tashi sama aka raba ni da Fast and Furious

Na daɗe ina kallon finafinan tseren motoci, kuma duk lokacin da aka yi musun wanda ya fi a jerin Fast and Furious, nakan zaɓi na farko, na shekarar 2001, sannan na bi shi da Tokyo Drift na 2006. Abokaina kan yi mini dariya su ce na tsaya a zamanin da, alhali na baya-bayan nan sun fi cin kuɗi, sun fi tashin bama-bamai. Ban musa ba, sai dai ni mota nake zuwa kallo, kuma a waɗannan biyun ne kawai aka ɗauki mota a matsayin abin da ake kwancewa a ɗaure da hannu.

Asalin labarin ma daga titi ya fito. A 1998 mujallar Vibe ta buga rahoton Ken Li kan samarin New York masu sayen ƙananan motocin Japan, su yi musu kwaskwarima, su fita tsere da tsakar dare, daga nan ne darakta Rob Cohen ya samu tushen fim ɗinsa, ya mayar da shi Los Angeles. Shi ya sa komai a cikinsa ƙarami ne, daidai da rayuwar unguwa. Ɓarayin da ɗan sanda Brian yake farauta manyan motocin dakon kayan lantarki suke tarewa da baƙaƙen Honda Civic, tseren kuwa kwatan mil ne, wato kimanin mita 402, kuma burin kowa ya mallaki motar da za ta cinye wannan tazara cikin daƙiƙa 10.

Wurin da na fi so ba shi da gudu ko kaɗan. Brian ya kawo wata Toyota Supra da ta yi raga-raga a bayan motar janwe, ya sauke ta a garejin Dom, jagoran ’yan tseren, ana ta yi masa ba'a, har aka ɗaga bonet aka ga injin 2JZ, nan take ba'ar ta koma girmamawa. Duk wanda ya taɓa zama a bencin bakanike ya san wannan yanayin da gwani ke leƙa injin ya yi shiru. Girmamawar tana da dalili, domin injin ne mai silinda shida a jere, lita 3, da turbo biyu, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin, kuma gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce mai kauri, wadda ke jure matsin da ya zarce abin da kamfani ya tsara mata nesa ba kusa ba. A wancan zamani kamfanonin Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su tallata mota a cikin gida da ƙarfin da ya wuce doki 280 ba, sai masu gareji suka gano cewa idan aka sa babban turbo, aka ƙara yawan man da ke shiga, injin zai ninka wannan adadi.

Ba ina cewa fim ɗin ba shi da ƙarya ba ne. Tseren daƙiƙa 10 yakan ɗauki mintuna a allo, direba yana ta canza giya kamar ba za ta ƙare ba. Iskar nitrous da suke dannawa kuwa gaskiya ce, tana rabuwa cikin zafin injin ta saki iskar oksijin don a ƙona ƙarin mai, amma ba ta mayar da titi walƙiya yadda suke nunawa. Irin wannan ƙarin gishiri ina yafe shi, tunda har yanzu motar tana da nauyi, tana iya kifewa, kamar yadda Dodge Charger ta 1970 ta wuntsila da Dom bayan sun tsallake layin dogo.

Tokyo Drift ya fi kowanne ƙarancin ciniki a jerin, amma shi ne ya nuna cewa tuƙi koyonsa ake yi. Jarumin ya ari Nissan Silvia, ya ragargaza ta a bene na ajiye motoci saboda bai iya sulala bayan mota a kwana ba, sai da ya ɓata tayoyi da yawa kafin hannunsa ya faɗa. Keiichi Tsuchiya, wanda ake kira sarkin wannan salon tuƙi a Japan, ya fito a matsayin masunci yana kallon shirmen yaron. Da masu wasan mota a bukukuwanmu za su lura da wannan, da sun ga cewa a keɓaɓɓen fili ya koya, ba a tsakiyar ’yan kallo ba.

Daga 2011 ne abin ya sauya, lokacin da aka ja katafaren akwatin kuɗi a titunan Rio de Janeiro. Bayan haka sai tankar yaƙi, sai motoci masu faɗowa daga jirgin sama da lema, sai tsalle tsakanin dogayen benaye a Abu Dhabi, sai jirgin ƙarƙashin teku, har a 2021 aka ɗaura wa Pontiac Fiero roka aka harba ta sararin samaniya. Na san kasuwa suka bi, domin fim na bakwai kaɗai ya tara sama da dala biliyan 1.5, kuma na yarda bankwanan da aka yi wa Paul Walker, wanda ya fito a matsayin Brian, a ƙarshensa, bayan rasuwarsa a haɗarin mota a Nuwamban 2013, ya taɓa zuciyata. Amma motar da ba ta lalacewa ba ta bukatar bakanike, kuma da wuya yanzu kyamara ta tsaya a kan injin har mai kallo ya gane abin da ke ciki.

A shekarar da Fiero ta je sama, an yi gwanjon Supra mai ruwan lemo da Paul Walker ya tuƙa a fim na farko, aka saye ta dala 550,000. Da na ga labarin, sai na sake kunna wurin da ake sauke ta daga motar janwe.