Kular da aka bar mani a rana

Ranar Talata na dawo daga tasha da kula ɗaure a bayan mashin, ruwa mai ƙarni yana ɗiga daga gindinta yana bin taya tun daga tashar har Ƙofar Ƙaura. Yau kwana huɗu ke nan, kuma wallahi zuciyata ba ta sauka ba.

Shekara shida ina riƙe da tankin gilashi na ruwan gishiri a ɗakina, ina kiwon murjani a ciki. Wanda ya ji murjani a Katsina, abin wuyan mata yake kawowa a ransa, alhali kafin ya zama dutsen ado dabba ce mai rai, mai baki, mai jin yunwa. Yawancin murjanin da ake ajiyewa a tanki suna da wasu ƙananan tsirrai irin gansakuka a cikin namansu, su ne ke haɗa masu abinci daga haske, don haka fitila mai kyau ta ɗauke maka rabin wahala. Nawa ba ya cikin waɗannan. Sunansa Dendrophyllia, ɗan'uwan Tubastraea ne da ake kira murjanin rana, sai dai kawunansa sun fi girma kuma ya fi wuyar samu. Ba shi da waɗancan tsirran, ko ka kunna masa fitila ɗari ba ta ƙara masa komai. Abin da ruwa ya kawo bakinsa shi yake ci. A tanki kuwa ni ne ruwan. Kawuna 14 gare shi, kowane da bakinsa, kowane sai na bi shi da sirinji na ɗora masa 'yan mitsi-mitsin jatan lande a kan hannuwansa masu ruwan lemo, na tsaya ina kore kifi har ya naɗe ya haɗiye. Sau uku ko huɗu a mako, bayan sallar isha'i. Shekara biyu na yi ina jira kafin in same shi ta hannun mai takardun shigo da shi, domin murjani mai ƙashi yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, ta sa wa ido.

Abincin nan a daskare yake zuwa daga Legas, tafiyar sama da kilomita 1,000. Idan ya narke ya kwana cikin zafi ya zama guba, ka zuba shi a tanki ka kashe komai. Shi ya sa na biya kuɗin ƙanƙara, na biya kuɗin kula, na ƙara wa direba na shan ruwa, aka rubuta a murfin da manyan baƙaƙe cewa a ajiye a inuwa a kira wannan lamba. Direba ya ce mani daren Lahadi ya sauke. Ranar Litinin sau uku ina kiran ofishin saƙo, sau uku ana ce mani bai iso ba.

Talata da azahar na je da ƙafata. Tun daga nesa na hango kulata a waje, a tsakiyar rana, wani ɗan kamasho zaune a kanta yana ɓare gyaɗa. A kan rubutun ya zauna.

Na shiga na yi sallama. Yaron da ke teburin, wanda ba zai girmi ɗana na biyu ba, yana kallon wani abu a waya yana dariya. Na sake sallama. Ya ɗaga hannu ɗaya, alamar in jira, bai ɗago kai ba. Na jira har abin da yake kallo ya ƙare.

Na ce, "Samari, wancan saƙon nawa ne. Yaushe ya iso?"

Ya ce, "Duba rasit, Baba."

Na ce, "Rasit ɗin yana hannunka. Jiya sau uku na kira aka ce bai zo ba."

Ya ce, "Ba ni ka kira ba."

"Lambar ofishin nan na kira."

"To ai ba ni kaɗai ke ɗauka ba."

Na fita, na roƙi mai gyaɗa ya tashi, na buɗe murfin a gabansu. Warin da ya taso sai da mai sayar da rake ya ja bironsa gefe. Babu ƙanƙara ko ƙwaya ɗaya, ledojin sun kumbura suna yawo a ruwa mai ɗumi kamar na wanka. Na koma ciki na ce masa, "Ka zo ka ga abin da kuka yi."

Sai a lokacin ya kalle ni. Ya ce, "Wai mi ne ne a ciki haka?"

Na ce abincin murjani ne. Ya ce murjani na wuya? Na ce mai rai, na cikin ruwa. Ya juya ya kira abokinsa, "Kai, zo ka ji, Baba dutse yake ba abinci." Suka kwashe da dariya, har da tafa hannu. Sannan ya gyara zama ya ce mani, "Baba, mutane na kwana da yunwa a garin nan, kai kana tada jijiyar wuya a kan abincin dutse. Ka biya ɗari biyar na ajiya ka ɗauki kayanka."

Kuɗin ajiya! Kun jefar da kayana a rana kwana biyu, kun yi mani ƙarya sau uku, kun mai da amanata kujerar ɗan kamasho, sannan in biya ku ladan ajiya? Wace ajiya? Na tambaye shi ina shugabansu, ya ce ya tafi Jibiya. Na ce a ba ni lambarsa, ya ce ba a bayarwa. Na biya ɗari biyar ɗin, domin kular kanta ta fi haka, kuma na ga idan na ƙara minti biyar a wurin zan faɗi maganar da ba ta dace da furfurata ba.

Maganar yunwar nan ita ta fi tsaya mani a wuya. Na san ana yunwa, a garin nake, ina da maƙwabta. Amma barin kulata a rana cikin wa ya cika? Kuma da a ce maganin mai ciwon suga ne a ciki, ko kifin wata baiwar Allah da ta ci bashi ta saro, a inuwa za ku sa? A nan dai za ku jefar, shi ma mai gyaɗa ya hau. Ni na ɗauko halittar nan na tsare ta a gilashi, hakkin cinta yana wuyana. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba.

Sannan me ya sa ma nake yawon tasha kowane wata? Saboda ba ni da wutar da zan riƙe firiza da ita in ajiye na wata huɗu. Ruwan tankin nan digiri 25 yake so, a garin da zafin Afrilu ke haura 40. Famfon da ke juya ruwa idan ya tsaya 'yan sa'o'i iskar ruwan ta fara ƙarewa. Na'urar da ke tsame datti dole ta yi ta aiki, domin murjanin da ake ciyarwa haka yana ɓata ruwa da sauri. Na sayi sola, na sayi inbata, batir uku na binne a shekara shida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama abin kallo a tsakar gida. Ga fankokin iska can a Lambar Rimi, megawat 10 aka ce, shekara da shekaru aka kwashe ana ginin su, mu muna nan muna fifita da murfin tukunya. Ruwan famfo daga madatsar ruwan Ajiwa sai ka manta rabon da ka gan shi, jarka nake saye wurin 'yan ga-ruwa, in tace, in auna gishiri giram 35 a kowace lita. Gwamnati ta sakar mana wuta, ta sakar mana ruwa, ta sakar mana hanya, kowa ya zama gwamnatin gidansa. Su kuma na ƙasa sun koyi darasin daga sama: karɓi kuɗi, kada ka yi aikin, wanda ya yi magana ka yi masa dariya. Babu ofishin da za ka kai ƙara a saurare ka. Ka faɗa wa mutane su ce ka yi haƙuri, kamar haƙuri zai daskarar da abin da ya ruɓe.

Na haƙa rami a bayan gida na binne ledojin. Na sayo ɗanyen kifin teku a shagon ƙanƙara, na yanka shi ƙanana kamar ƙwayar gero, ina ba shi kaɗan-kaɗan, sai dai maiƙonsa na dagula ruwa, kullum sai na canja jarka guda. Jiya da dare na haska tocila na ƙirga. Goma sha ɗaya sun buɗe sun karɓa. Uku sun ƙi, kuma a gindin ɗaya naman ya fara janyewa, farin ƙashi ya fito. Wani saƙon zai taso daga Legas ranar Alhamis, ta wannan tashar dai, don babu wata. Na riga na nemi izini a wurin aiki, da tabarmata zan je in kwana a bakin ofishin har motar ta iso.