Wai a ƙasan teku babu lokaci? Jatan lande ya ƙaryata

Mutane da yawa suna ɗauka tunda can ƙasan teku duhu ne kullum kuma sanyin ruwan baya canzawa, to halittun wajen basu san wani lokacin shekara ba, ci da haihuwa duk sanda suka ga dama. Gaskiya ba haka bane.

Ɗauki jan jatan landen nan na Bahar Rum, Aristeus antennatus, wanda masunta a Sifen ke kamawa da jirage masu jan raga a zurfin mita 400 zuwa 800. Eh, ruwan wajen digiri 13 yake kusan duk shekara. Amma abincin fa daga sama yake zuwa, idan ƙananan tsirran ruwa suka yi yawa a saman teku wajen Fabrairu da Maris, ragowarsu na nutsewa a hankali har ƙasa, tsutsotsi da ƙananan halittun cikin laka su samu su ƙaru, shi kuma jatan landen su yake ci. Matan sai su dage da ci kafin lokacin ƙwai, suna tara ƙarfi a jiki, daga nan kamar Yuni zuwa Satumba su saki ƙwan cikin ruwa, basa riƙe shi a ƙarƙashin ciki kamar wasu irin.

Abin da ke damuna, matan sun fi mazan girma sosai kuma su suka fi tsada a kasuwa, saboda haka idan aka matsa kamu a watannin nan ana kwashe su ne tun basu gama zubar da ƙwai ba.