A Buɗe Musu Ƙofa, Amma Kada A Cinye Gidajensu

Duk lokacin da labari ya zo cewa wata ƙasar Turai ta kwashi Kiristocin Iraƙi ko na Siriya ta ba su mafaka, sai ka ji wasu daga cikinmu sun harzuƙa: "Ai wannan wariya ce! Musulmi ba a kashe su ne?" Ni Musulmi ne, a Kaduna aka haife ni, a nan nake zaune, kuma ra'ayina shi ne a ɗauke su. Wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya saboda addininsa, in ya ga ƙofa ya fita, Allah kuma Ya saka wa wanda ya buɗe masa ita.

A watan Yunin 2014 'yan Da'ish, wato ƙungiyar ISIS, suka kama birnin Mosul na Iraƙi. Cikin watan Yuli suka yi wa Kiristocin garin shela: ko su bar addininsu, ko su biya jiziya, ko takobi, in ba haka ba su fice kafin wa'adin ranar 19 ga wata ya cika. Suka bi gida-gida da fenti suna rubuta harafin nun a bango, alamar Nasara ne ke ciki. Mu da muka yi makarantar allo mun san harafin nan tun muna ƙanana, da shi muka koyi karatu, sai ga shi an mayar da shi alamar kora. A shingayen fita daga gari aka riƙa karɓe musu kuɗi da gwal da motoci, wasu da kayan jikinsu kawai suka tsira. Daren 6 ga Agusta aka faɗa wa Ƙaraƙosh, garin Kirista mafi girma a Iraƙi, da ƙauyukan da ke kewaye. Mutum fiye da 100,000 suka kwarara zuwa yankin Ƙurdawa, suna kwana a harabar coci da kangwayen gini a unguwar Ankawa ta birnin Irbil.

Mutanen nan fa ba baƙi ba ne a wurin. Suna zaune a ƙasar Annabi Yunusa (AS) tun kafin Musulunci ya isa Iraƙi, kuma har gobe akwai masu magana da wani reshe na harshen da Annabi Isa (AS) ya yi magana da shi. Halifofi sun zo sun shuɗe, dauloli sun tashi sun faɗi, suna nan. Kafin yaƙin 2003 ana ƙiyasta sun kusa miliyan 1.5. Yau ƙiyasi da yawa ba ya kai su 250,000.

Gaskiya ne Da'ish ta kashe Musulmi ba adadi. Ta yi wa matasa 'yan Shi'a kisan kiyashi a sansanin Speicher kusa da Tikrit, ta karkashe 'yan Sunni na ƙabilar Albu Nimr, ta tarwatsa masallacin Annabi Yunusa kansa da nakiya. Abin da ta yi wa Yazidawa, wasu tsiraru masu addininsu na daban, a Sinjar kuwa baki ba ya iya faɗa. Ban yarda a rufe wa ko ɗaya daga cikinsu ƙofa ba. Amma a ce tunda an kashe namu kada a ceci nasu, wannan magana ba ta dace da bakin Musulmi ba. Shekara 5 da fara wahayi, da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, ina Manzon Allah (SAW) ya tura sahabbansa? Habasha, wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Ƙuraishawa suka bi su da kyaututtuka don a dawo musu da su. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa sarki Suratu Maryam, sarki ya yi hawaye, ya mayar wa jakadun kayansu, ya ce ba zai miƙa kowa ba. Muna koya wa 'ya'yanmu wannan a Islamiyya. To yaya za mu ji zafi don an yi wa wani abin da aka taɓa yi mana?

Inda nake da ja shi ne yadda wasu gwamnatoci suka yi abin. A 2015 Silobakiya ta fito fili ta ce Kirista kawai za ta karɓa, har da hujjar wai ba ta da masallatai. Wannan siyasa ce aka yi da hawayen mutane. Jamhuriyar Cek ta kawo Kiristocin Iraƙi a farkon 2016, ba a jima ba wasu suka nufi Jamus, wasu suka ce a mayar da su gida, gwamnati ta yi fushi ta dakatar da shirin. Aka yi ta kiransu marasa godiya. Ni ban ga rashin godiya ba. Ka ɗauko dattijo daga garinsu ka ajiye shi inda ba ya jin yare, ba cocin da ake addu'a da harshensa, 'yan uwansa kuma suna wata ƙasa, me kake tsammani zai yi?

Tsarin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na Italiya. A ƙarshen 2015 ƙungiyar Sant'Egidio ta Katolika da wasu cocin Furotesta suka yi yarjejeniya da gwamnati: su je Labanon su tantance waɗanda suka fi shiga uku, marasa lafiya, mata masu goyo, tsofaffi, waɗanda ake farauta, a ba su biza su hau jirgin sama maimakon kwalekwalen masu fasa-ƙwaurin mutane. Kafin su sauka akwai masu jiransu da ɗaki da makarantar yara da mai koya musu yare. Da Kirista da Musulmi duk suna ciki. Shi kansa Fafaroma Francis da ya je tsibirin Lesbos na ƙasar Girka a watan Afrilun 2016, 'yan Siriya 12 ya ɗauko a jirginsa zuwa Rum, dukkansu Musulmi.

Sai dai mu san iyakar abin. Cikin 'yan gudun hijirar duniya, waɗanda ake samar wa mazauni a ƙasa ta uku a shekara ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Da yawa suna nan a Jodan da Labanon da Turkiyya suna jiran kiran waya. Kuma duk iyalin da ya tafi, garinsu ya rage mutum. Shi ya sa Louis Sako, wanda a 2013 ya hau shugabancin cocin Kaldiyawa, babbar cocin Kiristocin Iraƙi, ya daɗe yana roƙon mutanensa su zauna. Na fahimce shi, amma ba zan iya ce wa uwa ta bar 'yarta cikin haɗari don tarihi ya ɗore ba. Bayan an kori Da'ish, jama'a da dama sun koma Ƙaraƙosh, amma Mosul 'yan tsirarun iyalai ne suka koma, duk da an gyara coci-coci kuma Fafaroma ya ziyarci garin a 2021. Abin da da yawansu ke cewa ya hana su komawa shi ne maƙwabta. Wasu maƙwabta sun kare su, wasu kuwa su suka nuna gidan, su suka kwashe kayan ɗaki.

A nan ne maganar ta zo gida. Mu 'yan Kaduna mun san ƙaura ba tare da jirgin sama ba. Ina saurayi aka yi rikicin Fabrairun 2000. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a layinmu a Tudun Wada, Kirista 'yar Kudancin Kaduna, ita ke yi wa yaran unguwa allura, ranar Sallah a kai mata tuwo da miyar taushe, ranar Kirsimeti ta aiko mana da shinkafa da cincin. Da ƙura ta lafa, na ga an ɗaure katifarta da keken ɗinkinta a bayan a-kori-kura, tana tsaye tana riƙe da makullin gida, ta rasa wa za ta ba. Daga baya gidan ya tafi a kuɗin da bai kai rabin darajarsa ba, kuma wanda ya saya ya san dalilin arahar. Haka Musulmin Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi suka kwaso nasu kayan suka tsallako kogi, su ma aka saye nasu gidajen a wulaƙance. Rikicin 2002 da na 2011 suka ƙarasa abin da ya rage. Kowa ya samu wurin da zai yi barci da ido biyu rufe, ban raina wannan ba. Amma yanzu akwai saurayi a Rigasa da bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kirista ba, akwai budurwa a Narayi da ba ta da ƙawa Musulma ko ɗaya, kuma duk ƙaryar da aka faɗa musu a kan juna sai ta zauna.

Kuma ba a gama ba. Mutanen Gwoza, Kirista da yawa a cikinsu, sun haura shekara 10 a sansanin Minawao na Kamaru. Ƙauyuka a Kajuru da Chikun sun watse, haka a Birnin Gwari da Giwa. Waɗannan babu ƙasar Turai da za ta aiko musu da biza. Suna gidajen dangi da ɗakunan haya a gefen gari, gonakinsu na can, wasu ciyawa ta cinye, wasu an samu masu nomawa.

Don haka roƙona ga hakimai da dagatai da masu unguwanni shi ne a rubuta kowane gida da kowace gona da aka gudu aka bari, da sunan mai ita, a ajiye takardar a fada da ƙaramar hukuma. Kada mai unguwa ya sa hannu a cinikin filin ɗan gudun hijira sai mai filin ya zo da kansa, da shaidu daga ɓangarensa. Limamai da fastoci su faɗa wa mabiyansu ƙarara cewa shiga gonar wanda aka kora haramun ne. Dillalan gidaje kuma, ku ji tsoron Allah: in mutum ya zo muku a firgice yana neman ko nawa ne, ku nema masa ɗan haya tukuna, ku riƙa aika masa da kuɗinsa duk inda yake.