Na Tashi Zuwa Yuganda Kallon Tsuntsu, Na Ƙare a Zauren Mai Unguwa

Duk abin da ya same ni waya ce ta jawo. Wani dare cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da ke sa mutum ya tsaya yana shawara da buta kafin alwala, ina ƙudundune cikin bargo ina latse-latse, sai ga bidiyon wani tsuntsu. Tsayinsa ya haura mita ɗaya, launinsa toka-toka, bakinsa kuwa kamar an ɗauko takalmin katako an manna masa a fuska. Larabawa ma Abu Markub suke ce masa, wato mai takalmi. Yana tsaye ƙiƙam cikin fadama, ba motsi, kamar mai bin bashi a ƙofar gida. Can sai ya kai sara cikin ruwa ya fito da gaiwa. Gaiwa fa, tamu ta gida. Na maimaita bidiyon nan har data ta ƙare, na sake saye.

Kafin kiran assalatu na zama masani. Na san ana ganinsa a fadamar Mabamba, bakin tafkin Biktoriya, kusa da Entebbe a ƙasar Yuganda. Na san cikin kwalekwale ake shiga da sassafe, kuma ƙasar tana da nau'in tsuntsaye sama da 1,000. Na kuma gano cewa akwai mutane a duniyar nan, masu hankalinsu da iyalinsu, da ba su da aiki lokacin hutu sai bin tsuntsaye da madubin hangen nesa suna rubuta sunayensu a littafi. Nan take na ji ashe ni ɗan cikinsu ne, haihuwa ce kawai ta yi ɓatan kai da ni.

Da safe uwargida na soya dankali na sanar da ita.

"Maman Ummi, hutun bana a Yuganda zan yi shi."

"Kwas aka tura ka?"

"A'a, kallon tsuntsaye."

Ta ajiye matsami ta juyo. "Na ci ko na kiwo?"

"Na kallo."

"In ka kalla sai a yi me?"

"Sai in rubuta a littafi cewa na gani."

Ta daɗe tana dubana. "Baban Ummi, kajina bakwai a gidan nan. Tunda aka kawo ni ban taɓa ganin ka dubi ko ɗaya ba sai a faranti."

Ban kula ta ba. Na jawo takardar kuɗin wuta na juya bayanta na hau lissafi. Fasfo ɗina ya mutu tun tuni. Sai mota zuwa Abuja, sai tikitin jirgi, sai biza, sai katin rigakafin shawara wanda ba ka shiga Yuganda sai da shi, sai masauki, sai mai kwalekwale, sai ɗan jagora. Na kira wani ɗan canji na tambayi farashin dala, ya faɗa, na ce masa ai ba saye zan yi ba, gaisuwa ce. Da na haɗa jimla sai ta kama albashina na wata goma sha ɗaya, in har an yarda ba za a ɗora tukunya a gidan ba.

Duk da haka na sayi asusu na rubuta YUGANDA a jikinsa, na ce kafin ya cika bari in fara da na gida. Gashaka-Gumti na fara dubawa, gandun dajin da ya fi kowane girma a Najeriya, tsakanin Taraba da Adamawa, inda dutsen Chappal Waddi yake mai tsawon mita 2,419. Na karanta adadin, na dubi tumbina, na yi shiru. Sauran shirun Hajiyarmu ce ta ƙarasa mini. "Daji? Da ƙafarka, ba kora aka yi ba? Ban yafe ba." Da na ambaci Yankari kuwa uwargida ta amince kafin in rufe baki, da sharaɗin za a tafi da ita, da yara huɗu, da ƙanwarta, su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki. Wato ni zan biya a kai mutum shida wanka. Ga shi ni da birran can muna da tsohuwar gaba, tun zuwanmu na makaranta da wani gwaggon biri ya ƙwace mini burodi ya zauna gabana ya cinye.

A teburin mai shayi aka fasa ƙwan. Aka yi ta dariya, wani ya ce in ba shi rabin kuɗin ya kai ni kasuwar kaji in kalla har Magariba. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani yaron maƙwabcinmu da ke karatu a Jami'ar Jos. Ya ce, "Kawu, ai abin da kake nema yana bayan gidanku." Ya ba ni labarin dajin Amurum da ke Laminga, nan wajen gari, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis take tun 2002. Ya ce akwai wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu da masana ba su tantance shi a matsayin nau'i mai zaman kansa ba sai 1998, kuma Turawa na tasowa takanas don ganinsa. Akwai kuma wani ɗan baƙi, wanda sunan Filaton Jos ma yake ɗauke da shi, da ba ya gina sheƙa: macen takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar jan, jan ya yi ta wahalar reno, ɗan ya tashi yana kukan gidan da ya girma. Ya ƙara da cewa da rani ƙananan tsuntsaye na ƙetaro Sahara daga Turai su sauka nan. Wannan ya ɓata mini rai. Abu bai kai tafin hannu ba, ba fasfo, ba biza, ba katin shawara.

"Amma Kawu, ka fara koyon riƙe madubin tukuna," in ji shi.

Washegari na faɗa kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo. Na samu madubi, mai shi ya rantse na sojan Jamus ne. Ya ce 18,000, muka daidaita a 9,500. Da na ɗora a ido sai na ga komai ya zama biyu, har mai kayan. Na yi ƙorafi, ya ce, "Alhaji, riba ce. Ka biya kuɗin ɗaya ka ga biyu. In ta dame ka rufe ido guda." Na haɗa da malafa da wata rigar kaki mai aljihu goma sha biyu, irin ta mutanen cikin bidiyo, da ƙaramin littafi.

Ana sallame Asuba na haye dutsen da ke bayan unguwarmu. Gaskiya abin da daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Gari na wayewa, hayaƙin girki na tashi, balbelu sun jero fari fat kamar 'yan Islamiyya ranar sauka, shirwa na shawagi saitin mahauta. Shekara arba'in da 'yan kai ina garin nan ban taɓa lura cewa wuyan kurciya na da zane ba. Yaron ya ce a riƙa rubuta lokaci da wuri da abin da tsuntsu ya yi, ni kuma ban san sunayen yawancinsu ba, sai na riƙa rubuta abin da ya sawwaƙa.

A rana ta uku na gan shi. Wani ƙaton baƙin tsuntsu a kan bishiyar mangwaro, can cikin unguwa, ya takure ba ya motsi. Gabana ya faɗi. Na rufe ido ɗaya na kafa masa ɗayan. Minti ashirin ko numfashin kirki ban yi ba, shi ma bai motsa ba, sai ɗan kaɗa fiffike in iska ta taso. Na ce lallai dangin mai takalmi ne Allah ya kawo mini har gida, ya dubi asusuna.

"Malam, sauko."

'Yan sintiri ne su uku da gorori, bayansu kuma wani Alhaji yana huci. Mangwaron ashe a tsakar gidansa yake, kuma satinsa biyu da yin amarya.

Kafin mu isa zauren Mai Unguwa labari ya riga mu. Wasu sun ce ɗan leƙen asiri ne, ga kakinsa nan. Wasu sun ce mai duba wa ɓarayi hanya ne. Yara suka biyo mu ɗuu. Aka zazzage aljihu goma sha biyun nan, aka samu goro, biro, da littafin. Mai Unguwa ya gyara tabarau ya miƙa wa magatakardansa ya ce a karanta kowa ya ji.

"Ƙarfe 6:20. Biyu a kan katangar Alhaji. Ɗaya ta shiga ciki."

Zaure ya yi tsit.

"Ƙarfe 6:35. Baƙi mai farin ƙirji ya dira bayan gidan Mai Unguwa, ya ɗauki abu ya gudu."

"Ranka ya daɗe, hankaka ne," na ce.

"Ci gaba," in ji Mai Unguwa.

"Ƙarfe 6:50. Namijin ya fita. Matan su kaɗai ne a gida. Ƙaramar ta fi kyau."

Sai da mutum biyu suka riƙe Alhaji. Ina ta rantsuwa cewa tattabarunsa nake nufi, kuma ta yiwu ma macen ɗaya ce, madubin ne ke ninkawa. Wannan bayanin bai taimaka ba, don shi ma matan nasa biyu ne.

Allah ya jiƙan iyayen wanda ya ruga ya kira ɗalibin nan. Ya zo ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan, ya nuna hotuna a waya. Mai Unguwa ya ƙura wa ɗan jan tsuntsun ido ya ce, "Yanzu Bature zai baro ƙasarsa saboda wannan abin da yara ke harbi da danƙo?" Da aka zo kan labarin reno sai ya yi dariya ya ce ashe hankaka mai da ɗan wani naka yana da ƙane a Laminga. Zaure ya ɗauka, na fara samun numfashi. Alhaji ne kaɗai bai ga abin dariya ba.

"Tsaya. Tsuntsun da ke kai ƙwai gidan wani, shi kake nema a saitin gidana?"

Na ce a'a, wani babba na gani a kan mangwaro, a je a duba, yana nan. Aka tura yaro. Bai jima ba ya dawo da shi a hannu. Baƙar leda ce, irin ta ɗari biyu, har da sauran manja a ciki.

Hukuncin da aka yanke shi ne in ci gaba da kallona, amma in riƙa ba gari baya, in fuskanci duwatsun Shere. Tun ranar sunana ya ɓace a unguwa, sai Sarkin Tsuntsaye. Yara na kawo mini 'yan tsaki wai in saya, wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni maganin kazarta mai gyangyaɗi.

Da Sha'aban ya kai 29 ladanin masallacinmu ya aiko aron madubin za su hau dutse duban wata. Na bayar, na manta ban ce ya rufe ido ɗaya ba. Sun sauko yana rantsuwa shi biyu ya gani, sauran suna cewa ko ɗaya babu. Madubin na wajen Liman har yau, wai sai an gama bincike.

Asusun kuwa, ana saura kwana goma Sallah na ɗaga shi na ji sakayau. Ban kai ga tambaya ba na jiyo wani irin kuka a tsakar gida. Na leƙa, sai ga zabbi biyu ɗaure a gindin turmi, uwargida ta ajiye mini kujera a gabansu, da littafina a kai.

"Ga su nan, Baban Ummi, biyu ne na gaske, ba sai ka rufe ido ba. Ka kalla da kyau ka rubuta, ranar jajibiri zan karɓi kayana."