Ranar da na yi atishawa shekarar 1976 ta ɓace

Umma har yau ba ta yarda karatu nake yi a Jamus ba. Tun ranar da na nuna mata teburina ta bidiyo, ta hango aska da guntayen itace, ta ce, "Au, sassaƙa ka je koyo? Ai da ka faɗa, ga masassaƙa nan bayan gidanmu, ba sai an biya kuɗin jirgi ba."

Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Aikina da itacen fayin ne, bishiyar nan mai ganye kamar allura. A ƙasar sanyi, kowace shekara bishiya tana ƙara zobe ɗaya a gangar jikinta. Sai mu murɗa mahuji mu zaro ɗan sanda mai kaurin milimita 5, kaɗan ya fi tsinken tsire, mu ƙirga zoben daga ɓawo zuwa ciki, mu gwada da na wasu bishiyoyin har mu san kowane zobe na wace shekara ne. Sannan a yanke kowanne daban da askar tiyata a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ba a sa gam, ba a taɓa itacen da fensir, domin dukansu da kabon a ciki, wato sinadarin da ke cikin gawayi, kuma kabon ɗin ne ake son aunawa. Makona na farko na ɗauko fensir zan yi alama, malamar da ke duba aikina ta fizge shi kamar ta ga ashana a hannun yaro.

Zoben da na fi ji da shi na 1976 ne, shekarar da aka yi mummunan fari a yammacin Turai. Bishiya in ƙishi ya kama ta, takan tsuke ƙofofin numfashin ganyenta don kada ruwa ya tsere. Daga nan sai ta rage tsirfa, ta riƙa haɗiyar kabon mai nauyi, wanda ake kira kabon-13, fiye da yadda ta saba. Shi ne na'urar auna aisotof, wadda ke bambance kabon mai nauyi da marar nauyi, take karantawa. Sai dai mai jin ƙishi ba ya ƙiba. Zoben 1976 a sandana bai fi kaurin farce ba.

Da na samu na ɓanɓare shi, aka shiga wanki. An fara cire ƙaron jikinsa da etanol da tolwin, wasu sinadarai masu narkar da shi. Sannan na dafa shi a ruwan bilic mai zafin digiri 70 don ya saki lignin, wato danƙon da ke riƙe zaren itace. Sai wanka da soda, irin dai wadda mata ke haɗa sabulu da ita, sai ɗauraya, sai ɗauraya kuma, sai busarwa. Mako uku cur. Abin da ya saura shi ne selulos, fari fat kamar audugar rimi, bai kai miligiram 1 ba. Ina kallonsa ina cewa, oho, duk farin da ya hana manoman Turai barci ke nan.

Saura awo. Ana ɗauka da hantsaki a zuba cikin wani ɗan ƙoƙon kuza da bai kai ƙwayar wake ba, a ɗora a sikeli, a dunƙule. Ko ba atishawa abin tsalle yake yi da kansa, saboda irin wutar nan da ke tashi in ka goga biro a gashinka. Ga shi watan Janairu, mura ta yi mini sallama tun asuba.

Na ji atishawa tana tahowa. Na danne hanci da gwiwar hannu, na karanto abin da ya sawwaƙa, ta lafa. Ina sunkuyawa kuwa, "Atishaaa!"

Na ce alhamdu lillahi, don sabo. Na duba hantsaki, wayam.

Na durƙusa ƙarƙashin tebur da fitilar waya ina laluben shekara guda. Can na hango wani ɗan fari a gefen ƙafar kujera. Na tsince shi a hankali, zuciyata fes, na kai wa malama ban ce uffan ba. Ta sa shi a madubi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta dubi farar rigar shaddar da ke leƙowa ta ƙarƙashin rigar aikina, wadda Umma ta ɗinko mini daga Kano.

Ta ce, "Auduga ma selulos ce. Na'ura ba za ta yi maka musu ba, za ta auna. Amma labarin gonar audugar za ta ba ka."

Ta buɗe durowa ta miƙo mini sanda na biyu na bishiyar, da takunkumin fuska guda biyu.

Da daddare Umma ta kira, ta ji muryata a dishe. Na ce mata na zubar da aikin mako uku. Ta ce nawa ne ya zube? Na ce bai kai ƙwayar gero ba. Ta yi shiru, sannan na ji tana ƙwala wa ƙanwata kira: "Ke, zo ki ji, yayanki ya fara sambatu."