Dutse ya haɗiye hayaƙi, mutane na ta gardama

Tun da kamfanin Carbfix ya janye shirinsa na gina tashar binne iskar kabon mai suna Coda a garin Hafnarfjörður na ƙasar Ayislan a 2025, bayan mazauna garin sun tada jijiyar wuya, wasu masu rajin kare muhalli ke ta shewa kamar an ci yaƙi. Wai dama binne iskar kabon a ƙarƙashin ƙasa yaudara ce ta kamfanonin mai. Wannan maganar ce ta ƙona mini rai.

Ba attajiran fetur ne suka haifi wannan aiki na Carbfix ba. A 2007 aka fara shi, da haɗin gwiwar kamfanin makamashi na Reykjavik, Jami'ar Ayislan, cibiyar binciken kimiyya ta Faransa mai suna CNRS da Jami'ar Columbia ta Amurka, kuma ɗaliban digiri na uku ne suka ɗauki kaso mai tsoka na wahalar. Cikinsu akwai Sandra Snæbjörnsdóttir, wadda ta yi digirinta a kan wannan batu. A tashar wutar lantarki ta Hellisheiði da ke Ayislan suna narkar da iskar cikin ruwa, ya zama kamar lemon kwalba mai gas, sannan su tura shi ɗaruruwan mita cikin baƙin dutsen da aman wuta ya bari. Ruwan mai tsami-tsami ya ci dutsen, ya saki sinadaran kalsiyam, maganiziyam da ƙarfe, su kuma su kama kabon ɗin su daskare. Da aka haƙo dutsen, sai ga ƙananan ramukansa cike da fararen ɗigo-ɗigo. An zaci abin zai ɗauki ɗaruruwan shekaru. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna fiye da kashi 95 cikin 100 na iskar ta zama dutse cikin ƙasa da shekara biyu.

To ina yaudarar? Abin da ya zama dutse ba ya yoyo.

Masu suka suna cewa aikin na shan ruwa, kusan tan 25 kan kowane tan guda na iska. Gaskiya ne, shi ya sa ake gwada ruwan teku. Suna cewa bai taka kara ya karya ba idan aka dubi tan biliyan 37 na iskar kabon da duniya ke fitarwa a shekara. To ai tashar da suka yi murnar mutuwarta ce aka tsara ta riƙa binne tan miliyan 3 a shekara! Ka hana yaro abinci, sannan ka zage shi da rashin girma.

Masu wannan shewa suna hawa jirgi, suna zama a gidajen siminti, alhali masana'antar siminti ba ta da yadda za ta daina fitar da kabon ko da hasken rana take aiki, domin daga farar ƙasar da ake gasawa iskar ke fita. Hayaƙin nan ina suke so a kai shi?

A ƙara wa irin waɗannan ɗalibai kuɗin bincike. Jami'o'inmu ma su leƙa tsaunukan Biu da Jos, inda irin wannan dutse yake kwance, su auna su gani ko zai karɓa.