Rawa ba laifi, amma kuɗin aljihun wa yake shiga?

Jama'a, na daɗe ina cikin masu cewa duk al'adar da aka baje wa 'yan yawon buɗe ido ta zama haja. Labarin Atayal ne ya sa na sassauta.

Atayal mutanen duwatsun arewacin Taiwan ne, ɗaya daga cikin ƙabilu 16 na asali da gwamnatin can ta amince da su. A da, mace ba ta samun zanen fuska sai ta ƙware a saƙa, kuma a imaninsu da wannan zanen kakanni za su gane mutum bayan ya mutu. Japanawa, da suka mulki tsibirin daga 1895 zuwa 1945, suka haramta zanen. Saƙar ma ta kusa bin bayansa, sai da irin su Yuma Taru, wata masaƙiya 'yar ƙabilar, suka riƙa bin tsofaffin mata da gidajen tarihi suna tono tsoffin zane-zanen saƙar, har aka dawo da su kan masaƙa.

Wulai, kusa da Taipei, nan baƙi suka fi tururuwa: ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa, rawa, shinkafar da aka dafa cikin gora, da wani yaji nasu mai suna maqaw, kamar masoro amma da ƙamshin lemun tsami. Madalla. Sai dai mai rawa kaɗan yake samu idan otal da shago na wani ne.

Shi ya sa ƙauyen Smangus ya fi burge ni. Lantarki bai kai musu ba sai 1979, hanyar mota sai 1995. Da baƙi suka fara zuwa kallon manya-manyan bishiyoyin dajinsu, gidaje suka shiga gasar kama baƙi, zumunci ya fara tsami. A 2004 suka haɗa kai: kuɗin masauki da abinci da gonaki duk asusu ɗaya, daga nan ake biyan albashi, kuɗin makarantar yara da na magani. Kamar gayya ce wadda ba a tashi daga ita, kuma sun ɗora ta kan gaga, wato dokar kakanninsu.

Abin da ke damuna yanzu harshen ne. Yaro zai iya koyon rawa cikin mako biyu saboda baƙi, amma ba baƙon da zai biya shi don ya yi hira da kakarsa da Atayalanci.